Tsuntsayen Bangon De Ketel

Shafi na 23

"Ba zan shafa ba, Mevrouw."

Sau biyu na faɗa, don a karon farko Mevrouw Terpstra ba ta ɗago daga wayarta ba. Ita ce manajar kamfanin da ya sayi tsohon siton kofi na bakin kogi, wanda suke mayarwa gidajen masu hali. A gabanta an jera bokiti huɗu na man sheƙi da sabuwar rola, ko ledarta ba a cire ba. Man nan in aka shafe bango da shi an gama, fenti ba ya sake kama shi. Ko ka fesa, ruwan sama na farko zai tafi da shi.

Ta ɗago ta dube ni kamar wadda kekenta ya yi mata magana.

Cikin muryar nan tata mai laushi ta tuna mini cewa ɗakin zanen da nake ciki a ƙasan ginin ba haya ba ce irin ta kowa. Sun ba mu ɗakunan da araha kafin a gama gini, mu masu zane shida, da sharaɗin duk aikin hannun da ginin ya buƙata mu ne za mu yi. Har lambar sharaɗin ta sani, na takwas. Ta ce ranar Asabar masu saye za su zo ganin gidaje, kuma bangon ne abin da ido zai fara sauka a kai.

Na ce na san sharaɗi na takwas, shekara huɗu na yi a makarantar zane, karatu bai gagare ni ba. Na yi musu fentin matattakala. Na rubuta lambobin ƙofofi tamanin. Na zana musu kifaye a wajen ajiye kekuna duk da ban ga abin da ya haɗa kifi da keke ba. Amma wannan bangon, a'a.

"Zenaida, ba gogewa za mu yi ba. Karewa za mu yi. Muna son tsuntsayen nan, sunan ginin ma daga gare su muka ɗauko."

Ta nuna mini allon tallan da suka kafa a kan titi. Gidan Tsuntsaye. A jikinsa mata da miji suna dariya riƙe da kofin kofi, bayansu bangonmu ne, an ƙara masa haske.

Bangon gefen siton ne, shi ya kewaye tsakar gidan De Ketel, gidan rawar Ome Arie, wato Kawu Arie. Tun ina ƙarama nake ganin tsuntsaye suna ƙaruwa a jikinsa, daga tsayin gwiwa har inda tsani ya ƙare. Wasu kamar tafin hannu, wasu kamar faifai. Wasu gwanaye ne suka zana, wasu kuwa sai an rantse maka za ka yarda tsuntsu ne ba dankali ba.

Na ce, "Mevrouw, kin san abin da suke nufi?"

"'Yanci, ina jin. Haka aka rubuta a takardar talla."

Na ce ta biyo ni. Ta biyo, tana ɗaga ƙafa don kar takalminta ya taka kwalba.

Na nuna mata shuɗi mai karyayyen baki. Na ce wannan mai gyaran keke ne na kan kwana, shekara talatin yana nan, aka ninka masa haya, yanzu shagonsa ake sayar da kyandir mai ƙamshi. Na nuna mata jajaye biyu manne da juna, 'yan'uwa biyu masu gidan burodi. Na ce a unguwar nan duk wanda haya ta kora, ko aka rushe gidansa, shi zai zaɓi launi, wani daga cikin waɗanda suka rage ya zana masa tsuntsu. Ba a rubuta suna. Wanda ya sani ya sani.

Sai na ɗora hannu a kan kore, ɗan ƙarami, daidai kafaɗata.

"Wannan mahaifiyata ce. Tana Spijkenisse yanzu, ƙarshen layin jirgin ƙasa. Ni na zana."

Ba zan tauye mata haƙƙinta ba, wayarta ta yi ƙara ba ta duba ba. Ta ɗaga kai tana bin bangon da ido har sama, na ga bakinta yana motsi kamar mai ƙirge, sannan ta fasa.

Na ce mata ranar Asabar ɗin da suke jiran masu saye, ranar ce Tante Bia mai girkin De Ketel za ta bar unguwa. In na shafa man nan, ina zan sa nata?

Ta gyara jakarta. Muryar ofis ta dawo.

"Wanda ya kawo mana shawarar bai gaya mana haka ba."

"Wa ya kawo?"

"Na zaci kin sani. Wessel. Sunan ginin da man duka shawararsa ce."

Ban san fuskata ta nuna wani abu ba ko a'a. Wessel ajinmu ɗaya tun shekarar farko. Tare hukuma ta ci mu tara saboda zanen da muka yi a jikin gadar jirgin ƙasa, tare muka raba gwangwanin feshi lokacin da ɗaya kawai muke iya saye. Ɗakinsa yana jikin nawa, katako ne ya raba mu.

Mevrouw Terpstra ta ce ta ji, kuma ta yi baƙin ciki da abin da ya sami mahaifiyata, amma shawara ta wuce hannunta. In gobe ƙarfe tara bango bai sha mai ba, na karya yarjejeniya, ranar Litinin in kawo makulli. Ta tafi ta bar mini bokitan a wajen.

Ko taɓa su ban yi ba.

Ƙarfe bakwai na yamma na shiga De Ketel ta ƙofar baya. Rana tana nan tsaye kamar la'asar, a ƙasar nan rana ba ta faɗuwa da wuri a watan Yuni. Ba a buɗe ba tukuna. Ome Arie yana kan kujera yana faɗa da akwatin nan da aka tilasta masa ya kafa tun da sababbin maƙwabta suka fara kai ƙara, wanda ke yanke kiɗa da kansa in sauti ya wuce iyaka. Yana gwadawa ne, ya ƙara kaɗan, fitila ta yi ja, ya rage, ya zage ta, ya zagi wanda ya ƙera ta. Shekara arba'in da ɗaya yana wajen nan, tun zamanin da ma'aikatan jiragen ruwa ne ke cika shi. Yanzu mutanen da suka sayi gida saboda an ce musu unguwar tana da rai, su ne ke buga waya ƙarfe sha ɗaya su ce rai ya yi yawa.

Ya hango ni. "Ga Farfesa. Wa ya mutu?"

Na ce babu tukuna, ina Wessel?

Ya nuna sama da haɓa. Wessel yana kan tsani yana ɗaura fitilu. A tagar kicin Tante Bia tana tsame pastel, soyayyar fulawa mai haɗi a ciki, daga mai tana jerawa, tukunyar cachupa, faten masara da wake, tana huci a bayanta. Ta ce in zo in ɗauki mai zafi. Na ce sai an jima, Tante.

"Sauko, Wessel."

Ya duba fuskata sau ɗaya, ya sauko ba musu. Da ganin yadda ya goge hannu a wando na san ya gane.

Na tambaye shi nawa ne kuɗin suna a kasuwa yanzu. Ya ce ko sisi bai karɓa ba, in tambayi duk wanda nake so. Na ce to kyauta ya bayar ke nan, abin ya fi muni.

"Zena, ki saurare ni minti ɗaya."

"Ɗan likitan haƙori daga Zwolle zai yi mini bayanin bangon unguwata. Bismillah, ina ji."

Kunnuwansa suka yi ja, kullum nan ne ke fara tona shi. Ya ce a watan Maris ya shiga ofishinsu karɓar fenti, ya ga tsarin aikin a manne. An rubuta za a wanke bangon da injin feshin yashi, a fito da jan bulo, don shi ake yayi. Sati biyu ya rage. Bai gaya wa kowa ba don ya san abin da za mu yi, za mu yi zanga-zanga, mu ɗaure kanmu a ƙofa, a ɗauke mu hoto, sannan a wanke bangon. Shi ya sa ya zauna dare biyu ya haɗa musu takarda, ya nuna musu cewa tsuntsayen za su sayar musu da gidaje fiye da bulo. Suka yarda. Sharaɗinsu ɗaya, kar a sake ƙara komai a kai, don ba sa son mai saye ya tashi da safe ya ga sabon abin da bai biya ba.

Ya ce, "Ni na cece shi. Ba don ni ba, yau babu koren nan naki."

Abin haushin, na san ba ƙarya yake yi ba. Wessel bai iya ƙarya ba, ko a kati ana cinye shi.

Na tambaye shi me ya sa ya rubuta 'yanci.

Ya ce me zai rubuta? Ku zo ku sayi gida a gaban jerin mutanen da irinku suka kora? Sai ya tsaya. Ya ƙura mini ido.

"Kin gaya mata."

"Na gaya mata."

"Duka?"

"Har da mai gyaran keke."

Ya zauna a bakin dandamali ya dafe kai. Ya ce to na kashe shi da hannuna. Yanzu sun san abin da ke jikin allon tallansu, in wani ɗan jarida ya ji sun shiga uku. In an shafa mai gobe, wataƙila su haɗiye su yi shiru. In ba a shafa ba, injin yashi zai dawo.

Na ce bangon da ba a iya ƙara masa kowa ba namu ba ne, hoto ne. Mahaifiyata ba ado ba ce a bayan masu shan kofi. Kuma ba a daina korar mutane ba, to a kan me za a daina zana su?

Ya ɗago. Ya rage murya, amma gidan rawa in babu kiɗa komai ana ji.

"Ina za ki kwana, Zena?"

Shi kaɗai ya san cewa tun da mahaifiyata ta tashi, a ɗakin zanen nake kwana, katifata tana bayan manyan allunan zane, wanka kuma a gidan ninkaya na unguwa. Hannun Tante Bia ya tsaya da matsami a sama. Ome Arie ya bar akwatinsa.

Na ce wannan matsalata ce, ba tasa ba.

Ya ce to shi zai shafa. Gobe ƙarfe bakwai, kafin matar ta iso, zai ce tare muka yi. In tsane shi in na ga dama, amma zan tsane shi ina da rufi a kaina, bango kuma yana tsaye.

Na juya wajen Ome Arie. Na tambaye shi ko har yanzu yana da fentin jirgin ruwan nan a ɗakin ajiya, wanda ya yi wa ƙofa bara muka yi sati muna mannewa. Ya ce akwai gwangwanaye uku ko huɗu, me zan yi da su?

Wessel ya riga shi ganewa. Ya miƙe.

"Ba a shafa man a kan ɗanyen fenti. Zai kwaɓe, ya ja launi ya ɓata duk na kusa."

"Ajinmu ɗaya, na sani."

"Wancan fentin sati yake yi bai bushe ba."

"Kwana goma in akwai laima."

Na ce yau zan zana na Tante Bia, a tsakiya, da fukafukai a buɗe.

Ban zaci tsaiko zai zo daga Ome Arie ba. Ya sauko daga kujera a hankali yana dafa gwiwa, ya ce a'a. Shi ya zana na farko a bangon nan da hannunsa, kuma tun daga ranar ba a taɓa zana wa mutum tsuntsu yana nan ba. Sai motar kaya ta sha kwana ake buɗe fenti. Mai tafiya ba ya ganin nasa sai in ya dawo ziyara. Ya ce shi bai damu da kamfani ba, su wanke in sun ga dama, bulo ba zai gudu ba, amma ba zai bari a kori Bia a bango kwana uku kafin a kore ta a gida ba.

"Farfesa, a makarantarku ba a koya muku wannan ba."

Gaskiyarsa ce. Wessel ya sauke numfashi.

Sai muka ji an kashe wutar kicin.

Tante Bia ta fito tana goge hannu. Gajeriya ce, in ta tsaya kusa da Wessel iyakarta aljihun rigarsa. Shekara ashirin da shida tana ciyar da masu rawa ta tagar nan, rabin masu zanen garin nan da cachuparta suka yi ƙashi. Ta kwance ɗamarar girkinta, ta ninke ta huɗu, ta ɗora a kan akwatin Ome Arie.

"Arie, tun Lahadi kayana ke cikin kwali. A ƙasa nake kwana, da cokali ɗaya nake cin abinci. Wace tafiya kuma kake jira?"

Ya ce Bia, ba haka ake yi ba.

Ta ce ita ta san yadda ake yi, ta zaɓa wa mijinta launi lokacin da idonsa ya daina gani. Tiren da ke kan tebur shi ne na ƙarshe, in ya ƙare ya ƙare, daga yanzu ita baƙuwa ce a gidan nan, a ba ta kujera da abin sha kamar kowa. Kuma tana so ta ga nata da idonta, don ba ta yarda da ni ba, wanda na yi wa mahaifiyata ya fi kama da kwaɗo.

Ome Arie ya daɗe yana kallon ɗamarar. Sannan ya zaro makullai daga wuyansa ya jefo mini.

Tante Bia ta kama hannuna ta ja ni gefe. Ta ce kar in yi saboda ita, ita tsohuwa ce, 'yarta tana jiranta da ɗaki mai ɗumi, ko da tsuntsu ko babu. Ni kuwa fa? Na ce Tante, launi kawai nake jira.

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Taurin kai irin na uwarki. Ruwan ɗorawa. Mai haske, ba irin na ciwo ba."

Ruwan ɗorawan da ke ɗakin ajiya na zana layi a tashar jirgin ruwa ne, daga ƙetaren kogi ana hango shi. Na kafa tsani a tsakiyar bango, akwai fili tsakanin wani fari da wani ruwan toka. Wessel ya tsaya a bakin ƙofa hannu a aljihu. Da tsanin ya yi rawa na ga ya motsa kamar zai riƙe, sai ya fasa. Ome Arie ne ya riƙe.

Da burushi na yi, ba da feshi ba. Fentin yana da nauyi kamar zuma, sai ka bi shi a hankali. Tante Bia tana kan kujera a ƙasa da kofi a hannu tana ba da umarni, wai wuyan ya yi tsawo, ita ba zalɓe ba ce, a ƙara mata ƙiba a ƙirji. Kafin in gama fiffike na biyu layi ya fara taruwa a ƙofar De Ketel. 'Yan unguwa da suka ga launin suka ga wadda ke kan kujera, ba wanda ya yi tambaya. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa su sumbace ta a kumatu. Wasu baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗaga waya, mai tsaron ƙofa ya sauke musu hannu.

Ban taɓa zana abin da ya kai shi kyau ba. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Zanen da na ci jarrabawar fita da shi, wanda malamai suka tsaya suna gyaɗa kai, ko kusa bai kai ba.

Da na sauko na ɗaga kai. A barandar gidan gwaji na hawa na uku, wanda suka ƙawata don masu saye, Mevrouw Terpstra tana tsaye da waya a kunne. Ban san tun yaushe take nan ba. Na ɗaga mata burushi.

Wessel ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon tsuntsun. Ya ce ƙirjin ya yi kyau. Ya ce wata uku ya yi yana riƙe da bangon nan shi kaɗai, ni kuma na zubar a awa ɗaya, kuma ba ya jin zai iya zama ɗaki kusa da nawa ko gaisawa da ni na wani lokaci. Na ce ba sai ya damu da ɗakin ba. Ya ɗauki kekensa ya tafi, bai tsaya kiɗa ba, fitilun ma rabi ya ɗaura.

Ina wanke hannu da kananzir saƙon Mevrouw Terpstra ya shigo. Layi uku ne, babu gaisuwa.

Makulli ranar Litinin ƙarfe sha biyu. An cire sunana daga duk ayyukan kamfanin. An sauke allon talla, kuma injin yashi zai zo ranar Laraba.

Na karanta wa Ome Arie. Ya shiga ya ƙara sauti har fitila ta yi ja.

Ga abin da kalma ɗaya, a'a, ta ci mini: ɗakin da nake zane, katifar da nake kwana, aikin da nake ci da shi, da abokin shekara bakwai. Wataƙila har da bangon, da koren mahaifiyata a jikinsa. In an sake jera mini bokitan nan gobe, amsar ba za ta canja ba. Amma daren Litinin ban san inda zan sa kaina ba.